Yadda ake bin sawun zazzaɓi mai zubar da jini har zuwa tushensa

Tambaya: Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin ƙaramar hukuma. Duk lokacin da Lassa ko Ebola ta ɓarke sai mu ji a rediyo an ce an gano wanda ya fara kamuwa, ko an gano inda cutar ta fito. Ta yaya ake gano haka, kuma abin dogaro ne?

Amsa: Malam, akwai mutum biyu da ake yawan haɗa su wuri guda, kuma sai an raba su maganar za ta fito fili. Akwai wanda hukuma ta fara gani, akwai kuma wanda cutar ta fara kamawa. Na farkon yana cikin rajistar asibiti, da sunansa da ranar da aka kwantar da shi. Na biyun galibi ya daɗe a kabari kafin wani ya fara zargin komai, ba a ɗebi jininsa ba, ba kuma za a ɗiba ba. A Kikwit ta ƙasar Kwango, bincike ya koma ne kan wani mai ƙona gawayi da ya rasu a Janairun 1995, amma sai a watan Mayu aka tabbatar Ebola ce. A Gini, yaron ƙauyen Meliyandu da bai wuce shekara biyu ba ya rasu a Disambar 2013, duniya kuwa ba ta ji labari ba sai 23 ga Maris 2014. To idan ka ji an ce an gano, ana nufin an tara shaidu iri uku, bakin mutane da gwajin jini da tsarin halittar ƙwayar cutar, duka suka nuna wuri guda. Muddin ɗaya ya saɓa wa sauran, da sauran aiki.

Tambayar da ke ƙarƙashin binciken gaba ɗaya ita ce: sau nawa cutar ta tsallako daga dabba zuwa mutum? Ebola galibi sau ɗaya take tsallakowa, daga nan mutane ke yaɗa ta a tsakaninsu. Lassa kuwa akasin haka take: yawancin masu ita kowa daga ɓeran gidansa ko na gonarsa ya ɗauka. Wanda ya je neman mutum ɗaya da ya kawo Lassa jihar Bauchi ko Taraba a watan Fabrairu ɓata lokacinsa yake yi, domin babu shi. Amma cikin ɗakin tiyata guda da likita da nas biyu suka kwanta mako biyu bayan an yi wa wata mai ciki aiki, akwai mutum ɗaya, kuma wajibi ne a gano shi.

Ana farawa da tabbatar da ko wace cuta ce. Kwanakin farko na waɗannan cututtuka ba su da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot: zafin jiki, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro, amai da gudawa. Zubar jini a ƙalilan daga cikin marasa lafiya take bayyana, kuma a makare. Mai jiran ganin jini kafin ya yi zargi ya riga ya makara. Tawagar farko da ta je Meliyandu a Janairun 2014 kwalara ta yi zato, saboda gudawa da saurin mutuwa, kuma wannan zaton ya ci wata biyu. Abin da ya kamata ya ɗaga hankali shi ne zazzaɓin da ya kai digiri 38, ya wuce kwana uku, bai ji maganin maleriya da na ƙwayoyin bakteriya ba. Ko mutum biyu zuwa uku daga gida ɗaya sun rasu a jere. Ko ma'aikacin lafiya ya kwanta bayan jinyar wani. Ko mai ciki ta yi ɓari da zazzaɓi da jinin da ya ƙi tsayawa. Mutum ɗaya tak da ake zargi ya isa a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma cikin awa 24. A Nijeriya akwai kuma lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wato 6232.

Wajen ɗibar samfuri ake yawan lalata bincike tun bai fara ba. Ana ɗibar jini mililita 4 zuwa 5 a kwalba mai murfi shunayya, wadda ke da sinadarin EDTA mai hana jini daskarewa. Mai koren murfi tana da sinadarin hefarin, shi kuwa yana hana PCR, gwajin da ke gano ƙwayar cutar a jini, aiki yadda ya kamata. Kwalbar roba ta fi ta gilashi, saboda fashewa. A rubuta lambar mara lafiya a jikinta kafin a shiga wurinsa, ba bayan an fito da safar hannu mai jini ba. Sai a yi mata sutura uku: kwalbar a naɗe da abin da zai tsotse jinin idan ya zube, a saka ta cikin mazubi na biyu da ruwa ba ya ratsawa, sannan cikin akwatin sanyi mai digiri 2 zuwa 8. Daskarar da jini a narke, a sake daskararwa, yana kakkarya ƙwayar halittar cutar har gwaji ya kasa ganin ta. Idan mutum ya riga ya rasu kuma Ebola ake zargi, ana goge cikin bakin gawar da auduga mai sanda a aika, ba a yanka gawa. Don wanke wuri da abin da jini ko amai ya taɓa ana amfani da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, don hannu kuwa kashi 0.05. Idan bilic na kasuwa ne mai ƙarfin 3.5, kofi ɗaya a kofi shida na ruwa yana ba da 0.5, kuma kullum ake haɗa sabo, domin ƙarfinsa na raguwa.

Wani tarko kuma: jinin da aka ɗiba cikin awa 72 na farkon rashin lafiya yana iya nuna babu cuta alhali tana nan, ƙwayoyin ne ba su yi yawa ba tukuna. Dole a maimaita. Idan aka sallami mutum da wannan sakamakon farko, an cire mahaɗi ɗaya daga sarƙar, daga baya sai a ga wasu sun kamu an rasa ta inda suka ɗauka.

Da zarar an tabbatar, sai a rubuta ƙa'idar wanda za a ƙirga: wanda ake zargi, wanda alamu suka ƙarfafa a kansa amma ya rasu ba a gwada ba, da wanda gwaji ya tabbatar. Rukuni na tsakiya shi ne jarin mai neman tushe, domin mutanen farko duka a cikinsa suke. Kowane mutum yana samun layi guda a jadawali: shekaru, jinsi, unguwa, sana'a, ranar fara ciwo, wuraren da ya nemi magani, ranar kwanciya, ranar rasuwa ko warkewa, inda aka binne shi da waɗanda suka yi masa wanka. A duk waɗannan babu mai muhimmancin ranar fara ciwo, kuma ita ce aka fi kuskurewa, domin ana rubuta ranar zuwa asibiti a madadinta. Mutanen karkara ba da kalanda suke riƙe kwanaki ba. Kada ka tambayi tsohuwa ranar nawa ga wata ɗanta ya kwanta. Tambaye ta: ya je kasuwar da ta ci kafin ya kwanta? Ya samu sallar Juma'a? Da aka yi sunan gidan maƙwabta yana kan ƙafarsa? An yi sadakar bakwai ta wane kafin ya fara zazzaɓi ko bayan ya fara? Da irin waɗannan ake matse ranar har ta rage tsakanin kwana biyu ko uku, kuma hakan ya wadatar.

Amfanin ranar shi ne lissafi. Ebola, 'yar uwarta Marburg, da Lassa suna iya kwanciya a jiki daga kwana 2 zuwa 21 kafin su bayyana, Ebola galibi kwana 8 zuwa 10. Wanda ya fara ciwo ran 20 ga Fabrairu, ya ɗauki cutar ne tsakanin 30 ga Janairu da 18 ga Fabrairu. Idan danginsa suka dage cewa a wurin dubiyar ƙaninsa ran 19 ga wata ya ɗauka, lissafi ya ƙaryata su. Abin da ya fi kusa shi ne su biyun daga wuri guda suka ɗauko, sai a koma baya a nemi wurin. Ana kuma zana yawan masu kamuwa bisa ranar fara ciwo. Idan aka ga tudu ɗaya da ya taso ya faɗi cikin mako uku, taro guda ne ya haɗa su, jana'iza ko tiyata ko yanka dabba. Idan tuddai ne a jere, kowanne ya fi na baya tsawo, da tazarar kusan mako biyu, cutar na tafiya daga mutum zuwa mutum. Idan kuwa ɗaiɗai ne warwatse a ƙauyuka da ba su san juna ba, suna ƙaruwa daga Disamba zuwa Maris, wannan aikin ɓera ne.

Daga nan sai tafiya da baya. Kowane mara lafiya, ko wanda ya yi jinyarsa idan ya rasu, ana bin kwanaki 21 da suka gabaci ciwonsa ɗaya bayan ɗaya. Wa ya duba? Gawar wa ya wanke ko ya ɗauka? Ina ya yi tafiya, da wace mota? An yi masa allura a kemis? Ya je wurin wanzami ko mai maganin gargajiya? Idan mace ce, wace ungozoma ta karɓi haihuwarta? Ya shiga kogo ko ramin haƙar ma'adinai? Ya feɗe naman daji, ko ya tsinci mushe? Amsa ɗaya ba ta da nauyi. Sai sunan wuri ɗaya ko mutum ɗaya ya fito daga bakin iyalai uku da ba su haɗa baki ba.

Wurare biyu ne suka fi haɗa sarƙoƙi, asibiti da wurin gawa. A Yambuku ta Kwango a 1976, inda mutum 318 suka kamu da Ebola 280 suka rasu, abin da ya haɗa yawancin na farko shi ne allura a asibitin mishan, inda sirinji biyar kacal ake fitarwa da safe a yi ta amfani da su har yamma. A Saliyo a watan Mayun 2014, jana'izar wata mai maganin gargajiya a ƙauyen Sokoma da ke gundumar Kailahun, wadda marasa lafiya daga Gini ke tsallakowa wurinta, ita ce ta buɗe wa Ebola ƙofar ƙasar, har jami'an lafiya na yankin suka danganta mace-mace kusan 365 da ita. Shi ya sa mai bincike ke zama da rajistar asibiti ta aƙalla wata uku baya, yana duba waɗanda aka rubuta musu maleriya mai tsanani, taifot ko zubar jini bayan haihuwa suka rasu cikin 'yan kwanaki, yana kuma duba takardar aikin ma'aikata: wa ke bakin aiki a daren, wa ya ɗauki hutun rashin lafiya bayan mako biyu. Wanda ya rasu a gida kuwa ba ya cikin kowace rajista. Mai unguwa, liman, masu wankan gawa da masu haƙar kabari su suka san adadin, kuma sun fi kowace takarda sanin gidan da aka fitar da gawa uku cikin wata guda.

Mutane suna ɓoye gaskiya, kuma suna da dalili. Suna tsoron a ɗauke musu mara lafiya, a hana su suturta mamacinsu, ko a riƙa nuna gidansu da yatsa a ce su suka kawo annoba. Tawagar da ta shiga ƙauye da jerin motoci da 'yan sanda ba ta samun komai sai "lafiya lau". A shiga ta hannun dagaci, a fara da ta'aziyya, mace ta yi hira da mata a cikin gida, kada a rubuta suna a gaban taro. A ganina sakin sunan wanda ake zaton shi ne na farko ga 'yan jarida babban kuskure ne: ba ya ƙara wa binciken komai, yana kuma rufe bakin iyali na gaba.

Tunda mamatan farko ba su bar jini ba, ana gwada waɗanda suka yi jinyarsu suka rayu. Garkuwar jiki nau'in IgM tana nuna kamuwa ta kwanan nan, IgG kuma ta daɗe. Ga Ebola wannan shaida ce mai ƙarfi. Ga Lassa sai an yi hattara, domin kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa yin ciwo mai tsanani, kuma a yankin da cutar ta zauna mutane da yawa suna ɗauke da IgG tun shekarun baya.

Duk wannan ana yin sa ne tare da bibiyar gaba, ba a jira ɗaya ya ƙare. Duk wanda ya taɓa mara lafiya ko kayansa ana auna zafin jikinsa kullum har kwana 21. Legas ta nuna yadda ake yi lokacin Ebola a 2014. A can tushen bai ɓuya ba, matafiyi ne da ya sauka daga Laberiya ran 20 ga Yuli, kuma Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ita ma cutar ta yi ajalinta. An bibiyi mutum 894, an kai ziyara kusan 18,500, aka tsaya a mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu. Reshen Fatakwal kuwa mutum ɗaya ne da ya zille wa masu bibiya ya haifar da shi. Ran 20 ga Oktoba aka ayyana ƙarshenta, bayan kwana 42 babu sabon kamu, wato ninki biyu na 21.

Shaida ta uku, karanta tsarin halittar ƙwayar cutar, ita ce ta sauya wannan fanni. Duk lokacin da ƙwayar ke hayayyafa tana yin ƙananan kurakurai, kamar mai kwafar littafi da hannu: wanda ya kwafa daga gare shi zai gaji kurakuransa ya ƙara nasa, har a iya gane wa ya kwafa daga wa. A 2014 an karanta samfuran Ebola 99 daga marasa lafiya 78 a Saliyo, aka ga duka zuriya ɗaya ce, tsallakowa ɗaya daga dabba, saura duk mutum ne ke ba mutum. Biyar daga cikin masu wannan binciken Ebola ta kashe su kafin a wallafa shi. A 2018 da Lassa ta yi yawan da ba a saba gani ba a Nijeriya, an ji tsoron ko sabon nau'i ne mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane. Samfuran da aka karanta, yawancinsu daga asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo, sun nuna ƙwayoyin sun bambanta da juna sosai, nau'o'in da aka sani ne, kowanne daga ɓera dabam. A Gini kuma da Ebola ta sake ɓarkewa a Fabrairun 2021, kowa ya ɗauka sabuwar tsallakowa ce daga daji, sai aka ga ƙwayar kusan ita ce ta 2014, sauye-sauyenta kaɗan ne ƙwarai. Ana ganin ta kwanta ne fiye da shekara biyar a jikin wani da ya warke. An san tana iya daɗewa a maniyyi da cikin ido. Tun daga nan tambayar ko akwai wanda ya taɓa warkewa daga cutar a kusa da mara lafiya na farko ta shiga cikin tambayoyin dole. Kusancin lokaci shi kaɗai ba hujja ba ne: a 1976 Ebola ta ɓarke a Nzara da Maridi na kudancin Sudan kusan lokaci guda da Yambuku, an ɗauka annoba ɗaya ce, daga baya aka gane nau'i biyu ne mabambanta.

Mataki na ƙarshe, kuma mafi jinkiri, shi ne dabbar da ke ɗauke da cutar. An fara gane Lassa a 1969, lokacin da wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, aka kai ta Jos ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta rasu, ta ukun aka kai ta Amurka ta rayu, aka ware ƙwayar a jami'ar Yale. Sai a 1972, a Saliyo, aka kama ɓeran da ke ɗauke da ita, Mastomys natalensis, mai yawan nonuwa. Nazarin tsarin halittarta ya nuna ta kai kimanin shekara dubu a ƙasar da ake kira Nijeriya yanzu, don haka garin Lassa wurin da aka fara lura da ita ne kawai. Ɓeran ba ya ciwo, yana dai zubar da ƙwayar a fitsari da kashi a kan hatsi, garin rogo da aka shanya, da kwanon da aka bari a buɗe. Ana ɗana tarkon ƙarfe mai kama shi da rai da yamma, a ɗaki da madafa da gindin rumbu da gona, a duba da asuba, dare uku a jere, a gidajen masu cutar da kuma gidajen da ba a kamu ba don kwatantawa. Mai feɗe ɓeran yana sa cikakken kayan kariya kamar mai jinya. Samun ɓera mai cutar a gidan ma bai isa ba, sai ƙwayar jikinsa ta dace da ta mara lafiyar.

Kowace cuta da inda ake dubawa. Zazzaɓin Rift da ya ɓarke a jihar Tawa ta Nijar a 2016, wajen Cintabaraden da Tasara, ya fara nuna kansa a garke: dabbobi na ɓari, ƙanana na mutuwa, sannan makiyaya da masu yanka suka fara kwanciya. A irin wannan, likitan dabbobi ya riga likitan mutane sani, idan an tambaye shi. Zazzaɓin Kirimiya da Kwango kaska ke kawo shi, sai a duba mahauta da masu cire wa shanu kaska da hannu. A ɓarkewar zazzaɓin shawara ta 2019 kuwa, tambayar inda mutum ya je ita ta haɗa marasa lafiya daga jihohi dabam-dabam da gandun dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri.

A Meliyandu, masu binciken da suka isa a Afrilun 2014 sun ji labarin wata bishiya mai kogo kusa da gidan yaron, cike da jemagu masu cin ƙwari, inda yara ke wasa. Sun tarar an riga an ƙone ta, jemagun da suka kama a kewaye kuma ba a samu cutar a jikinsu ba. Shi ya sa har yau jemage zargi ne mai ƙarfi game da Ebola, ba hukunci ba. Marburg ce aka kammala shari'arta: an fara ganin ta a 1967 a Jamus da birnin Belgired na tsohuwar Yugoslabiya, wurin ma'aikatan da suka taɓa birai daga Yuganda, amma sai bayan da masu haƙar ma'adinai suka kamu a ramin Kitaka na Yuganda a 2007 aka samu ƙwayar da ranta a jikin jemagen kogo mai cin 'ya'yan itace, Rousettus aegyptiacus, kuma ta dace da ta ma'aikatan. Da masu ramin suka ji haka sai suka toshe ƙofofinsa suka hallaka jemagun. Bayan 'yan shekaru wasu jemagun suka dawo suka cika shi, kason masu ɗauke da cutar a cikinsu ya ninka na da fiye da sau biyu, kuma a 2012 Marburg ta ɓarke a Ibanda, garin da ke kusa da ramin.